Wa Ya Ce Kowane Manomi Gona Ɗaya Gare Shi? Sharhi Kan Tantance Tsarin Bayanai Da Harshen Mutane

Daga 2012 zuwa yau an sha ɗaukar sunayen mutane a Jega da Aliero da Maiyama da ke jihar Kebbi. An ɗauka don takin gwamnati da ake turo saƙonsa ta waya, an ɗauka don bashin noman shinkafa, ga lambar banki ta BVN, ga lambar ɗan ƙasa ta NIN, ga rajistar masu ƙaramin ƙarfi, ga ta asibiti. Duk sa'ad da jerin sunaye ya fito da tangarɗa, wani an tsallake shi, wani ya fito sau biyu, wani an rubuta masa gonar da ba tasa ba, zargi kan faɗa ɗayan wuri uku. Ko a ce yaron da ya zo da waya ne ya yi ganganci, ko a ce 'yan siyasa sun sa hannu, ko a ce kwamfuta ce ta ƙi. Duka ukun suna faruwa. Sai dai akwai wuri na huɗu da ba a cika leƙawa ba, wato ranar da wani ya zauna a ofis, tun kafin a buga fom, ya yanke abin da za a tambaya da abin da kwamfuta za ta karɓa a matsayin amsa. Kuskuren da aka yi a ranar, ma'aikaci mafi gaskiya ma ba zai iya gyara shi a bakin gona ba.

Ma'anar kalmomin

Bayanai, ko deta kamar yadda 'yan boko ke faɗa, su ne abubuwan da aka rubuta aka adana game da mutum ko kaya ko wani al'amari: suna, shekaru, girman gona, yawan buhu. Ba detar da ake saye a waya don shiga intanet ake nufi ba. Rumbun bayanai shi ne ma'ajiyar da ke cikin kwamfuta, manhaja kuma ita ce abin da ma'aikaci ke latsawa don zuba bayanan ko fito da su.

Tsarin bayanai, wanda shi ne batunmu, shi ne shirin da ake yi kafin a gina rumbun. Abu uku yake fayyacewa. Na farko, waɗanne abubuwa za a ajiye labarinsu, misali manomi, gona, amfani, bashi. Na biyu, yaya suke da alaƙa da juna. Na uku, waɗanne ƙa'idoji ne ba za a keta ba, kamar a ce ba a ba mutum bashi sai yana da gona a rubuce. Masu wannan aiki kan zana shi da akwatuna da layuka da alamomi waɗanda sai wanda ya karanta fannin yake ganewa.

Masanin harka kuwa shi ne wanda ya san yadda abin yake gudana a zahiri: malamin gona, dillalin albasa, ungozoma, mai unguwa, magatakardan kotu. Tantancewa ita ce a sa wannan masani ya duba shirin ya ce daidai ne ko ba daidai ba. A nan gizo ke saƙa. Wanda ya iya karanta zanen bai san harkar ba, wanda ya san harkar kuma zanen bai yi masa magana ba. Sai a nuna masa a taro, ya gyaɗa kai, a sa hannu, a ce an tantance.

Inda dabarar ta samo asali

A 1970 Edgar Codd na kamfanin IBM ya kawo hanyar ajiye bayanai a jadawali masu alaƙa da juna, wadda har gobe akasarin rumbuna a kanta suke. A 1976 Peter Chen ya fito da salon zanen da ya zama ruwan dare. Dukansu sun sauƙaƙa wa injiniyoyi aiki, amma ba su rage wa masanin harka komai ba.

A cikin shekarun 1970 ɗin ne wani masani ɗan ƙasar Holan, Sjir Nijssen, da abokan aikinsa suka bi ta wata hanya. Suka ce a fara da jimlolin da mutane ke faɗa da bakinsu game da aikinsu, a ciro tsarin daga cikinsu, in an gama kuma a mayar da shi jimloli a karanta wa masu harkar. Terry Halpin na Ostareliya ya ɗora a kai, su biyun suka fitar da littafi a 1989, daga baya aka samar da manhajojin da ke juya zane ya koma jimlolin Turanci kai tsaye. A 2023 kuma hukumar daidaita ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta fitar da ma'auni kan rubutu da harshe mai sauƙi gaba ɗaya. Dabarar dai tsohuwa ce, an kuma gwada ta. Abin da ya yi ƙaranci shi ne yin ta da Hausa, a gaban mutanen da za a rubuta.

Gonar albasa a jimla huɗu

A ɗauka za a yi rajistar manoman albasa a Aliero, garin da sunansa ya zagaye Najeriya saboda wannan amfani. Mai tsarawa ya ja layi tsakanin akwatin manomi da akwatin gona, ya sa 'yar alama a kowane gefe. In aka fassara alamar zuwa magana, ga abin da take cewa:

"Kowane manomi yana da gona ɗaya."

Tun a nan za a ga cewa harshe mai sauƙi ba sakin baki ba ne. Wannan jimla tana ɗaukar ma'ana uku: aƙalla ɗaya, ko ɗaya tak, ko kuma ba ta wuce ɗaya ba. Dole a zaɓi guda a faɗe ta ƙarara. In aka ce "ɗaya tak", duk wanda ya taɓa riƙe fartanya zai ce a'a. Mutum yana da ta tudu inda yake gero da dawa, yana da 'yar fadama, wataƙila ya kuma karɓi hayar wani fili kusa da rijiya.

Sai a juya jimlar ta ɗaya gefen, domin kowace alaƙa fuska biyu gare ta:

"Kowace gona manomi ɗaya ne yake noma ta."

Nan ma ba haka ba ne. Akwai gandu, inda uba da 'ya'yansa ko 'yan'uwa ke noma tare, kowa kuma yana da gayaunarsa a gefe. Akwai gonar gado da ba a raba ba. Akwai kuma abin da ya fi rikita rumbun bayanai: fili ɗaya, mai shi ya noma shi da damina, da rani ya ba wani ya dasa albasa. Wane ne manomin wannan gona? Amsar ta danganta da watan da aka yi tambayar. Don haka jimlar gaskiya ƙafa uku gare ta:

"Malam Wane ya noma gona kaza a ranin shekara kaza."

Da zarar lokaci ya shigo, sai wata tambaya ta biyo baya, wato da wane hakki ya noma ta. Hausa ta riga ta rarrabe: gado, saye, kyauta, aro, haya, jingina. Fom ɗin da ya tanadi "tawa ce" da "ba tawa ba ce" kaɗai ya haɗe mai aro da mai jingina wuri guda, alhali ga mai ba da bashi bambancinsu babba ne. Mai aro ana iya karɓe masa gona baɗi. Mai jingina yana riƙe da ita har sai an dawo masa da kuɗinsa. Jimla ta huɗu ke nan:

"Malam Wane yana riƙe da gona kaza ta hanyar jingina, daga hannun Malam Wane."

Wannan duka zaman hantsi ɗaya ne da mutum biyar ko shida da suka san ƙasar. In ba a yi shi ba, ma'aikacin da ke tsaye a bakin gona, manhaja ta ƙi wucewa sai ya cike gurbin, zai zaɓi abin da ya fi kusa ya latsa. Ba ƙarya ya yi niyya ba, fom ɗin ne bai bar masa hanyar gaskiya ba. A Aliero, garin da ya yi suna wajen ɗori, an san cewa ƙashin da ya kama a karkace sai an sake karya shi kafin ya miƙe. Rumbun da aka zuba wa sunaye dubbai a kan gurguwar ƙa'ida haka gyaransa yake.

Ba hasashe ba ne kawai. Shirin tallafin taki na 2012, lokacin Akinwumi Adesina yana ministan gona, ya dogara ne da saƙon waya zuwa ga manomi. An yaba masa wajen rage 'yan tsakiya, amma cikin koke-koken da aka yi ta ji har da na waɗanda ba su da waya ko ba sabis a ƙauyensu. A ƙarƙashin irin wannan shiri akwai jimlar da ke kwance: kowane manomi yana da lambar waya tasa shi kaɗai. Shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi ranar 17 ga Nuwamba 2015, shi ma sai da ya yanke wane ne manomi da kuma yadda za a haɗa shi da fili da ƙungiya da asusun banki. Matsalar biyan bashin da ta biyo baya dalilanta da yawa, ciki har da ambaliyar 2020 da kuma masu ɗaukar kuɗin a matsayin rabonsu na gwamnati, kuma ba adalci ba ne a jingina ta ga tsarin bayanai. Abin lura kawai shi ne, duk shiri irin wannan a kan 'yan jimloli yake tsaye, kuma ba kasafai ake karanta wa manoma su ba.

Buhu nawa, kuma wane buhu

Wuri na biyu da ake yawan zamewa shi ne awo. Fom yana son kilo da hekta, kasuwa kuma da buhu da kwano da mudu da tiya take magana. Mai tsarawa kan rubuta cewa buhu ɗaya kilo kaza ne, ya wuce. In aka karanta wa dillali a kasuwar Jega "kowane buhun albasa nauyinsa ɗaya ne", tambayarsa ta farko ita ce wane buhu, babba ko ƙarami, kuma yaya aka cika shi. Ta biyu ita ce yaushe. Albasar da aka zuba a rudu bayan an cire ta da rani, aka fito da ita tsakiyar damina lokacin da kuɗinta ya tashi, ta sha iska ta rage nauyi, an kuma tsince ruɓaɓɓu. Rumbun da bai tanadi wannan ragi ba zai nuna kamar kaya sun ɓace, mai duba lissafi kuma ya fara zargin sata inda babu ita. Haka shinkafa: buhun shanshera daban, buhun wadda aka casa daban.

Wannan ba ciwon ƙauye ba ne. A 1999 hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars saboda wani ɓangare na masu aikin ya yi lissafi da ma'aunin Ingilishi, ɗaya ɓangaren kuma yana zaton na mita ne.

Suna, haihuwa da gida

Fom ɗin da aka kwafo daga waje yana neman sunan farko da sunan dangi, yana kuma ɗauka cewa na biyun ba ya canzawa daga kaka zuwa jika. A ƙasar Hausa mutum kan ɗauki sunan mahaifinsa, ko na kakansa, ko na garinsu. Farfesa Attahiru Jega da Sanata Adamu Aliero sun isa misali. Mutum ɗaya zai iya zama da sunan mahaifi a takardar firamare, da sunan gari a ta sakandare, da laƙabi a bakin jama'a. Tun da aka wajabta haɗa layin waya da NIN a ƙarshen 2020, hukumar JAMB kuma ta wajabta lambar ga masu jarrabawa a 2021, saɓanin suna tsakanin takardu ya zama abin da ke cin kuɗi da lokacin iyaye.

A asibiti, jimlar "kowane majiyyaci yana da suna" tana faɗuwa a kan jaririn da bai kai kwana bakwai ba. "Kowa yana da ranar haihuwa" ita ce ta sa ɗimbin dattawa suka zama haifaffun 1 ga Janairu a takarda, domin manhaja ba ta da gurbin "an ƙiyasta". Kalmar gida ma haka take. Masu ƙididdiga kan ce gida shi ne waɗanda ke zaune tare suna ci daga tukunya ɗaya. To gidan da ke da zaure ɗaya, sassa huɗu, ana haɗa tukunya da damina a raba da rani fa? In tallafi na bin gida ne, amsar wannan tambaya ita ke yanke wa zai samu.

Me ya sa ba a cika yi ba

Dalili na farko shi ne nisa. Galibin manhajojin ana tsara su a Abuja ko Legas ko ƙasashen waje, su iso jiha a gama. Abin da ake kira horarwa koyar da latsawa ne, ba neman gyara ba. Na biyu gaggawa: kuɗin shiri yana da wa'adi, damina kuma ba ta jira. Na uku shi ne kuskuren gane wane ne masanin. Jami'in da ke Birnin Kebbi ya san manufar shiri, amma yadda ake jinginar gona a ƙauyukan Maiyama mai unguwa ne ya sani, yadda ake karɓar shinkafa bashi a turara a casa a biya ran kasuwa kuma matan da ke sana'ar ne suka sani, su kuwa ba a cika gayyatarsu taro ba.

Na huɗu ya fi wuyar magani, domin daga kyakkyawar ɗabi'a ya fito. Baƙo ya zo da mota da takardu, ya karanta abu, ya ce "haka ne?" Ladabi ya sa a ce haka ne, ranka ya daɗe. Wani kuma yana tsoron kada musu ya sa a cire garinsu daga shirin. Saboda haka fassara jimla zuwa Hausa kaɗai ba ta wadatar. Abin da ke aiki shi ne a juya tambayar ta zama neman labari: "Kun taɓa ganin gonar da mutum biyu suka noma a shekara ɗaya?" Wannan ba musu da baƙo ba ne, ba da labari ne, kuma misali ɗaya tak ya isa ya rushe ƙa'ida. Masu wannan fanni suna ba wa neman misalin da ya saɓa muhimmanci ƙwarai, kuma a ƙasar Hausa ya fi ko'ina amfani. A karanta da baki kuma, kada a miƙa takarda, domin da yawa daga masanan harka da ajami suka fi sabawa, wasu kuma Fulatanci ko Zabarmanci ne harshensu na gida.

Masu ja da wannan ra'ayi

Injiniyoyi da dama na cewa harshen mutane yana da harshen damo, zane da lissafi ne kaɗai ba sa ɗaukar ma'ana biyu. Gaskiyarsu ce, kuma jimlar gona ɗaya ta nuna haka. Amma ba a ce a jefar da zanen ba. Ana son kowace alama ta sami jimla guda mai tsayayyen siga, da kalmomi ƙididdigaggu irin su "aƙalla", "tak", "dole", "mai yiwuwa", waɗanda ba a sauya musu ma'ana daga shafi zuwa shafi.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Ƙasa tana bukatar ma'auni ɗaya. Manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagorantar ginawa, da ita ake tattara alƙaluman asibitoci a Najeriya, kuma amfaninta shi ne a iya kwatanta Jega da kowace ƙaramar hukuma a ƙasar. In kowane gari ya kawo ma'anarsa, kwatance ya rushe. Wannan damuwa ce ta gaske. Mafita ita ce a raba abin da ake karɓa da abin da ake aikawa sama: a rubuta buhu da irinsa kamar yadda aka faɗa, manhaja ta juya shi zuwa kilo da ma'aunin da aka auna a kasuwar. Yana ƙara aiki da kuɗi, kuma ba kowane bambanci ne ya cancanci a buɗe masa gurbi ba. Wani lokaci amsar da ta dace ita ce: mun ji, mun sani, mun zaɓi mu bar shi. Ko wannan ya fi rashin sani, domin an rubuta iyakar abin da alƙaluman za su iya faɗa.

Wasu kuma na ganin a gina manhajar gwaji a nuna wa mutane ya fi karanta jimloli. Fuskar waya tana nuna guraben cikewa, amma ba ta nuna ƙa'idar da ke ɓoye, kamar ƙin karɓar lambar waya ɗaya ga mutum biyu. Hanyoyin biyu tare suke tafiya.

Sai sabon zance, cewa manhajojin ƙirƙirarriyar basira za su iya juya zane zuwa Hausa cikin daƙiƙa. Za su rage wahalar rubutu, amma suna iya fitar da jimla mai daɗin ji wadda ta sauya "aƙalla ɗaya" zuwa "ɗaya", kuma ba su san abin da ke faruwa a fadama ba. Aikin ƙaryata jimla yana nan a wuyan mutum.

Abin da zai iya biyo baya

Arewa ta taɓa ganin amfanin irin wannan haɗuwa. Daga wajen 2012, masu yaƙi da shan inna sun koma amfani da taswirar tauraron ɗan'adam maimakon wadda ake zanawa da hannu, suka rarrabe manyan garuruwa da ƙananan ƙauyuka da 'yan rugage, aka kuma bi ƙasa tare da mutanen gari don sanya wa kowane wuri sunansa. An gano matsugunan da ba sa cikin tsohon lissafi. Hoto daga sama ya nuna rufin ɗaki, amma sunan wurin da wanda ke iko da shi sai a bakin mutane aka samu.

Yankin yana da waɗanda za su iya riƙe wannan aiki. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da aka kafa a Aliero a 2006 tana yaye masu ilimin kwamfuta da na noma waɗanda Hausa ce harshensu, ga kuma kwalejin kimiyyar lafiya a Jega. Ɗalibin da aka ce kafin a karɓi aikinsa na ƙarshe sai ya kawo ƙa'idojin tsarinsa a jimlolin Hausa, da sunan sana'ar waɗanda ya karanta wa da gyaran da suka yi, ya koyi abin da kasuwar aiki ke nema. Hukumar da ke ba da kwangilar manhaja ita ma tana iya sa wannan cikin sharuɗɗan biya.

Akwai abin kiyayewa. Misalai na gaske su ne ƙashin bayan dabarar, amma bashin mutum da jinginar gonarsa da ciwonsa sirrinsa ne, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa masu tattarawa nauyin tsare su. A taro a ce Malam Wane da Wance, kada a kama suna. Akwai kuma haɗarin mai faɗa a ji ya karkata ma'ana don amfaninsa, misali ya dage cewa manomi shi ne mai fili kawai, don a bar masu haya a waje. Shi ya sa ake sauraron ɓangare fiye da ɗaya, a kuma zauna da mata daban in haka ya fi sa su yi magana.

Jimlolin kuma suna tsufa. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai, da an ce "kowane mai noman rani yana sayen fetur don injin ban ruwa" da kaɗan ne za su musa. Bayan tsadar mai, wasu sun juya injinansu zuwa gas, wasu sun koma na hasken rana. Fom ɗin da har yanzu ke tambayar lita nawa aka sha, ba tare da tambayar irin injin ba, zai rubuta wa mai sola sifili, kuma mai karanta rahoton a ofis zai iya ɗauka cewa mutumin bai yi ban ruwa ba a wannan shekarar.